Juye Tsofaffin Kaset Zuwa Kwamfuta: Inda Murya Ke Ɓacewa, Da Yadda Za A Gano Ta

Legas: Tun shekarar 1963, lokacin da kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, wannan ɗan akwati ya yi kusan shekara arba'in yana ɗauke da murya daga hannu zuwa hannu. A Nijeriya, a kansa jama'a suka adana waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, da na Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, da tafsirin malamai irin su Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, da kuma hidimomin iyali kamar ɗaurin aure da naɗin sarauta. Da yawa daga irin waɗannan kaset-kaset na nan a akwatuna, daga Kano da Kaduna har unguwannin Hausawa na Agege da Idi-Araba a Legas da Sabo a Ibadan, amma rakodar da za ta buga su tana ƙara wuyar samu. A shekarar 2019 ma sai da hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar masu adana murya da hotuna ta duniya, ta yi gargaɗin cewa abin da ke kan zaren maganaɗisu na cikin haɗarin salwanta saboda ƙarewar na'urorin da ke karanta shi.

Wannan hali ya buɗe ƙofar neman halali ga masu shagunan tura waƙoƙi a waya da masu gyaran rediyo, watau juye kaset zuwa kwamfuta. Jarin bai da yawa. Sai dai galibin masu fara sana'ar kan yi tuntuɓe a wuri guda: kaset na juyawa, kwamfuta na nuna tana ɗauka, amma da an saurara sai a ji shiru, ko ƙugi, ko murya a fashe.

Asarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce, domin kaset ba ya yarda da gaggawa. Mai lamba C90 minti 90 yake ci cur, 45 a kowane gefe. Ke nan mai rakoda ɗaya da ya yi aikin awa takwas ba zai wuce kaset biyar ba. In sai a ƙarshe ya gano ɗaukar ta lalace, awa ɗaya da rabi da man janareta sun tafi a banza. Abin da ya fi wannan muni shi ne, tsohon zare na iya tsinkewa a bugu na biyu, alhali mai shi ba shi da wani.

A mafi yawan lokuta laifin ba na kwamfutar ba ne, ba kuma sai an sayi sabuwa ba. Abin da ake bukata shi ne a bi sawun muryar daki-daki, daga inda ta taso har inda ta tsaya, kuma a yi gwajin da kaset ɗin da ba a jin asararsa.

Matakin farko shi ne rakodar kanta. A sa abin sauraro na kunne a jikinta. In murya ta fito a dishe, sau da yawa datti ne ya taru a kan ƙarfen da ke karanta zaren, wanda masu gyara ke kira hed. 'Yar auduga da sifirit mai kyau sun isa su goge shi, a bari ya bushe. In murya na ja tana sassautawa, bel ɗin robar da ke ciki ne ya saki. A kuma duba ɗan soson da ke bayan zaren a bakin kaset, domin in ya faɗi zaren ba zai manne da hed ba. Duk aibin da aka ji a nan, kwamfuta haka za ta ɗauke shi.

Mataki na biyu, wanda nan ne aka fi faɗawa, shi ne kafar da aka soka waya. A bayan kwamfutar tebur akan ga kafofi uku masu launi: shuɗiya ta shigar da murya daga na'ura, mai ruwan hoda ta makirfo, koriya kuwa ta lasifika. Wayar da ta taso daga kafofin rakoda masu rubutun Line Out, ja da fari, shuɗiyar za ta shiga. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin da rakoda ke fitarwa ya kai wajen kashi uku cikin goma na bolt ɗaya, alhali kafar makirfo an yi ta ne domin ɗan ƙarfin da bai wuce 'yan kashi cikin dubu ba. Bambancin na iya kaiwa ninki ɗari. Shi ya sa in an soka a kafar makirfo sai murya ta fashe, kalangu da waƙa su cakuɗe, kuma galibi gefe ɗaya kaɗai take ɗauka.

Kwamfutocin tafi-da-gidanka na wannan zamani sun ƙara dagula al'amarin, saboda yawancinsu kafa ɗaya tak gare su, wadda ta haɗa makirfo da abin sauraro. In aka soka mata wayar rakoda ta yau da kullum, sai kwamfuta ta ɗauka abin sauraro ne, ta ci gaba da ɗaukar hayaniyar shago da makirfon jikinta. Gane wannan ba wuya: a tsayar da kaset a tafa hannu, in ma'aunin murya ya motsa, to ɗakin ake ɗauka. Maganinsa shi ne ɗan akwatin sauti mai shiga ta kafar USB, mai kafofin ja da fari, irin UCA202 na kamfanin Behringer. Ana iya neman irinsa wajen masu kayan sauti a kasuwar Alaba ko Computer Village da ke Ikeja, amma a tabbata mai kafar shigar da murya biyu ne, ba ƙaramin nan mai kafar makirfo kaɗai ba.

Mataki na uku yana cikin kwamfutar. Tun daga sabuntawar da aka yi wa Windows 10 a shekarar 2018, akwai wurin ba manhajoji izinin amfani da makirfo, kuma in a rufe yake babu manhajar da za ta ji komai, ko da ta akwatin USB ne. Bayan an buɗe shi, sai a duba cikin tsarin sauti a tabbata an zaɓi na'urar da ta dace, kuma an sa ta a kan hanya biyu, hagu da dama, domin Windows kan ɗauki irin waɗannan na'urori a matsayin makirfo mai hanya ɗaya. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce kuma tana nan tun shekarar 2000, ita aka fi amfani da ita. Ya kamata a haɗa akwatin kafin a buɗe ta, in ba haka ba ba za ta gan shi a jerinta ba sai an umarce ta ta sake dubawa.

Sa'an nan sai auna ƙarfin murya. A nemi wurin da kiɗa ya fi tashi, a daidaita har ma'auni ya riƙa tsayawa wajen lamba 6 ƙasa da sifiri. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta bugi sifiri ta fashe ba ta gyaruwa.

Akwai kuma ƙugin nan mai kauri da ke bin ɗauka daga farko har ƙarshe. Wutar lantarkin Nijeriya na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce ke kutsawa cikin waya idan rakoda da kwamfuta na shan wuta daga soket daban-daban, ko kuma caja ba ta da inganci. A zare cajar kwamfuta a bar ta a kan batir; in ƙugin ya ɗauke, an gano ɓarawon. Sai a haɗa na'urorin a soket ɗaya, a nisanta wayar sauti daga ta wuta, a kuma ajiye wayar salula nesa. Mai son kauce wa ɗaukewar wuta a tsakiyar kaset kuwa, inbata ko batirin ko-ta-kwana ya zame masa dole.

Ta fuskar ajiya, ɗauka mai ingancin faifan CD na cin wajen megabait 10 a minti ɗaya, watau kusan 900 ga kaset C90. Abin da ya dace shi ne a adana wannan babban kofi na WAV, sa'an nan a fitar wa mai kaya na MP3, wanda ya fi shi ƙanƙanta sosai, domin sawa a waya ko memori.

Haka nan akwai batun doka. Juye wa mutum kaset ɗin bikin gidansu daban, buga waƙar wani a sayar daban. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare mawaƙi, kuma haƙƙinsa na komawa ga magadansa bayan rasuwarsa. Mai niyyar sayarwa sai ya nemi izini.

Kafin a taɓa kaset ɗin mai kaya, a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu da ke samansa domin kada a goge shi bisa kuskure, a kuma zarce da zaren zuwa ƙarshe a dawo da shi don ya saki jiki. A ɗauki minti ɗaya na gwaji, a saurara da kunne biyu, sa'an nan a saki aiki. Wanda ya kawo muryar mahaifinsa ko karatun malaminsa amana ya kawo, kuma shagon da ya mayar da ita lafiya, tare da kofi mai tsabta, shi za a riƙa yi wa kwatance a unguwa.