Saiwa da Sassaƙe a Ɗakin Gwaje-gwaje: Magungunan Itatuwa da Binciken Cututtuka Masu Yaɗuwa

Duk wanda ya taɓa leƙa rumfunan masu magani a kasuwar Kurmi ta Kano, ko kuwa ya tsaya gaban shimfiɗar 'yar mai ganye ran kasuwar ƙauye, ya san matsayin itatuwa a wajen Bahaushe in ciwo ya kama shi. Ga sassaƙen maɗaci da ake jiƙawa a sha domin zazzaɓi, ga ganyen sabara da na marke, ga kuma bagaruwa da ake dakawa a barbaɗa wa gyambo. Tun a 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen irin waɗannan tsirrai a littafi guda, ya jera kowane sunan Hausa tare da takwaransa na ilmin kimiyya. Tambayar da masana suka daɗe suna yi kuwa ita ce: shin akwai wani abu a cikin itatuwan nan wanda ke kashe ƙwayoyin cuta, ko kuwa dai mai jinya yana tashi ne don yana da sauran shan ruwa a gaba?

Tambayar ta ƙara nauyi a wannan zamani, domin magungunan asibiti da aka dogara da su sun fara gazawa. Ƙwayoyin cuta irin na bakteriya, watau masu haddasa taifot da kwalara da ciwon haƙarƙari da ruɓewar rauni, suna sabawa da magani in an yawaita shansa ba bisa ƙa'ida ba, har su daina jin sa. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda wannan taurin kai na ƙwayoyin cuta, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Yadda ake gwada tsiro a ɗakin gwaje-gwaje ba shi da wuyar fahimta. Akan shanya ganye ko saiwa a inuwa, a niƙa, a jiƙa garin a ruwa ko a sifirit, sa'an nan a tace, a ƙafar da ruwan har ya bar ɗanko. Sai a kawo ɗan faranti mai murfi wanda aka zuba wa wani irin daskararren romo, a shafe fuskarsa da ƙwayar cutar da ake son gwadawa. A tsoma 'yar takarda mai faɗin milimita 6 a cikin tsimin, a ɗora a kan farantin, a ajiye shi kwana guda cikin akwati mai ɗumi daidai da ɗumin jikin mutum. Washegari za a tarar ƙwayoyin sun yaɗu sun rufe farantin kamar hunhuna a kan kwantan tuwo. In tsimin yana da ƙarfi, za a ga fili fetal kewaye da takardar, inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa. Faɗin wannan fili shi ake aunawa a rubuta.

An yi irin wannan gwaji sau da yawa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, kuma galibin itatuwan da aka ambata a sama sukan nuna fili. Amma fa a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Bagaruwa, alal misali, cike take da sinadarin nan mai bauri wanda majema ke jeme fata da shi. Aikinsa shi ne ya kama duk wani abu mai nama ya ƙanƙame shi, don haka ba abin mamaki ba ne ya hana ƙwayar cuta motsi a faranti, ko ya tsane gyambo in an barbaɗa. Wannan bai nuna zai ratsa hanji ya shiga jini ya tarar da ƙwayar taifot a maɓoyarta ba. Har wa yau akwai maganar yawa. Sau da dama sai an zuba tsimin itace ninki ɗari, wani lokaci ma ninki dubu, na abin da za a zuba na maganin asibiti kafin a sami fili iri ɗaya. Abin da ya kai wannan yawa kuwa, in an ɗura wa mutum, hanta da ƙoda su ke ɗaukar nauyinsa. Tafarnuwa ma ta isa misali: tun 1944 aka ware sinadarin da ke cikinta mai kashe bakteriya, amma yana saurin lalacewa, har yau bai zama ƙwayar da likita ke rubutawa ba. Hasali ma, manyan magungunan bakteriya daga hunhuna da ƙananan halittun cikin ƙasa aka fara samo su, kamar fenisilin a 1928 da maganin tarin fuka na farko a 1943. Abin takaici shi ne yawancin binciken itatuwa a faranti yake farawa, a faranti kuma yake ƙarewa, mai shi ya buga takarda ya sami ƙarin girma, ya koma kan wani ganyen.

Inda itatuwa suka yi rawar gani ƙwarai shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙwayarsa wata halitta ce dabam da bakteriya. Daga ɓawon wani itace na duwatsun Amurka ta Kudu wasu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin a 1820. Muhimmancin warewar shi ne daga ran nan aka iya auna magani da sikeli, a san abin da aka ba mutum. Tarihin Nijeriya ma ya shaida haka. Ayarin Turawan da ya shigo Kwara a 1841 ya rasa fiye da mutum 40, galibi da zazzaɓi. A 1854 Likita William Baikie ya haura Binuwai da jirginsa, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma teku bai rasa ko ɗaya ba. Shi ne Baturen da daga baya ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya ziyarci Kano a 1862. Ba sai an faɗa ba, wannan ɓawon itace yana cikin abubuwan da suka buɗe wa mulkin mallaka ƙofa.

Labari na biyu ya fi dacewa a tsaya a kansa. A lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓi ya daina jin kulorakwin, yana ta kayar da sojoji. Ran 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin ƙasar Sin ta kafa wani shiri na asiri domin neman sabon magani, a 1969 kuma aka ɗora wa wata mata, Tu Youyou, shugabancin rukuni guda. Ita da mutanenta suka bi tsofaffin littattafai da bakin masu magani, suka tara haɗe-haɗe fiye da 2,000, suka gwada tsimi ɗaruruwa a kan ɓeraye. Wani ganye mai ɗaci da Sinawa ke kira cinhawo yakan nuna alama yau, gobe ya ƙi. Sai ta koma ga wani littafi da Ge Hong ya rubuta a ƙarni na 4, ta lura cewa shi bai ce a dafa ganyen ba, jiƙawa ya ce a yi a matse a sha. Daga nan ta zargi wuta da lalata maganin, ta koma tatsar ganyen da sinadarin eta, wanda ke tafasa da ɗan zafi kaɗan. A watan Oktoba na 1971 tsimi na 191 ya share ƙwayar cutar daga jinin ɓeraye kakaf, daga baya kuma na birai. A 1972 ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba majinyata, kuma a shekarar aka ware tsantsar sinadarin, watau atemisinin. Nijeriya, wadda ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya, ta mai da shi maganinta na farko a 2005, a haɗe da wani maganin. An ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015.

Abin lura a nan shi ne kalma guda ta tsohon littafi, watau bambancin jiƙawa da dafawa, ita ta warware abin da ya gagari gwaji. Hausa kuwa tana da irin waɗannan bambance-bambance: jiƙo dabam, tsimi dabam, dafawa dabam, turare da sirace dabam, wani maganin da jar kanwa ake haɗa shi, wani a kunu, wani a nono. Mai binciken da ya niƙe komai ya zuba a sifirit, abin da ya gwada ya riga ya saɓa wa abin da mai magani ke bayarwa. Haka nan sunayen cututtuka. In mai magani ya ce yana maganin shawara, ido ne ya gani ya yi ɗorawa, alhali wannan alama tana iya fitowa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini, kowanne da sanadinsa. Sunan tsiro ma yakan canza daga Katsina zuwa Damagaram, ko suna ɗaya ya hau tsirrai biyu. Aikin tantance waɗannan na masu nazarin harshe ne kamar yadda yake na masu kimiyya, ga shi kuwa tsofaffin da suka san su suna ta ƙarewa.

Tazargade na cikin abin da ya kamata a yi hattara da shi. Dangin ganyen nan ne na Sinawa, shi ya sa wasu ke ɗauka duk ɗaya ne. Amma dangin suna da yawa, kuma ba kowanne ke da atemisinin na a zo a gani ba. Ko a ainihin ganyen ma yawansa yana bin ƙasar da aka shuka shi da lokacin da aka yanke shi. Saboda haka a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan shan shayin ganyen domin zazzaɓi. Dalilinta shi ne ƙaramin awo yakan kwantar da zafin jiki ya bar sauran ƙwayoyi da rai, waɗanda suka tsira kuwa su ne masu taurin kai. An riga an ga ƙwayoyin da atemisinin ke jinkirin kashewa a yammacin Kambodiya tun wajen 2008, sa'an nan aka ba da rahoton ɓullarsu a Ruwanda a 2020, da arewacin Yuganda a 2021.