Ciwon ƙugu ga masu ɗauke da ƙwayar cutar sida: kada a bari ya daɗe

Jama'ar sansani, muna so mu yi muku bayani kan wani ciwo da mutane kan ɗauka sanyin ƙashi ne ko gajiyar tafiya. Ƙashi abu ne mai rai, jini ne yake ciyar da shi. Idan jinin ya daina isa kan ƙashin cinya, wato dunƙulen da ke juyawa cikin ƙugu, sai wurin ya mutu a hankali, daga baya ya lotsa. Yakan kama kafaɗa ko gwiwa, amma ƙugu ya fi, kuma sau da yawa ɓangare biyun.

Ciwon ya fi samun masu ƙwayar cutar sida a kan sauran jama'a. A 2002, likitoci a Amurka sun duba mutum 339 masu ƙwayar da ba su jin ciwon komai, suka tarar ya riga ya fara a jikin 15. Amma ciwon ƙugu ba shaidar sida ba ne. Mai sikila yana yin sa, haka mai yawan shan giya, don haka kada wanda ya nuna maƙwabcinsa da yatsa don ya gan shi yana ɗingishi.

Abin da ya fi damun mu shi ne ƙwayoyin sa ƙiba, irin su deksametazon da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake saya ba takardar likita. Mun san dalili: mutum ya rame, yana tsoron bakin mutane, sai ya nemi abin da zai ciko da shi. Daɗewa ana shan su na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙashin. Wanda ya jima yana sha kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ya gaya wa likita a rage masa sannu-sannu.

Alamar farko ciwo ne a matsematsi ko ɗuwawu, wani lokaci har gwiwa, yana ƙaruwa in an taka ƙafar. Daga nan tsuguno da zaman tahiya su fara wuya. Idan ya yi makonni bai tafi ba, a zo wurin ma'aikatan lafiya su tura mutum asibitin yankin Malanville da Karimama a ɗauki hoton ƙashi. Da fari hoton kan fito kamar ba komai, saboda haka in ciwon ya ci gaba a koma. Kafin ƙashin ya lotsa, sandunan dogarawa da barin ɗaukar kaya masu nauyi suna rage zafi, kuma akwai aikin da ake iya yi. In ya lotsa, sai babbar tiyata ta sauya gaɓar. Maɗori ba shi da abin yi a nan, tunda ba karaya ba ce.

Kada a bar maganin sida saboda wannan ciwo. Kyauta ake ba da shi a Benin. Wanda yake karɓa a Gaya ko wani gari kafin gudun hijira ya zo da katinsa ko kwalbar maganin, za a saurare shi cikin sirri.