Yaron da Kasuwa ke Ci a Cikin Kansa

Tsaya tsakiyar kasuwar Dawanau ranar da hatsi ya sauka, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Injin niƙa na kururuwa ta nan, mai maganin basir ya ƙure lasifika ta can, 'yan dako na ihun "Hanya! Hanya!", ƙaiƙayi na shiga maka wuyan riga, warin daddawa ya gauraya da hayaƙin tukuba. Amma a cikin wannan hargowa mai gero zai sunkuyo ya raɗa maka kuɗin buhu, ka ji shi sarai. Yaya aka yi? Akwai dillali a cikin kanka. Shi ne ke tsaye a bakin rumfa yana tantance masu shiga: wannan ƙara ba tamu ba ce, wuce, wannan murya ita muke jira, bismillah. Bai taɓa neman la'ada ba, shi ya sa ba ka san da zamansa ba.

Yaro mai larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, shi ma yana da rumfarsa, da kaya a ciki, wani lokaci har ya fi na maƙwabta. Dillalin ne ba ya tsayawa a ƙofa yadda na sauran mutane ke yi. Kowa sai ya afko lokaci guda, kowa na neman a saurare shi yanzu-yanzu: ƙugin fanka, ɗinkin wuyan riga da ke sukar fata, turaren baƙuwa, ƙyallin ƙwan lantarki, muryar uwa tana kiran sunansa. Duk farashinsu ɗaya a wurinsa. Kai idan kasuwa ta ishe ka sai ka hau acaɓa ka koma gida. Shi tasa ba ta tashi da magariba, har kan tabarma take binsa.

Da ka gane wannan, abubuwa da yawa sun warware. Yaron da ya toshe kunne ya kwanta yana birgima a gidan biki, lokacin da makaɗa suka ɗauka mata suka rangaɗa guɗa, rumfarsa ce ta cika har ta rushe. Wanda ke jijjiga jiki gaba da baya, ko yake karkaɗa hannu, ko yake juya murfin kwalba na tsawon awa guda, ya samo wa kansa abu ɗaya da zai riƙe cikin turmutsutsu. Sai wata gwaggo ta taɓe baki ta ce wa uwar, "Ke kika sangarta shi, ba ni shi kwana uku ki gani." Kwana ukun nan an san abin da ke cikinsu, bulala ce. To, dukan yaro a wannan hali daidai yake da ka ƙaro lasifika a rumfar da hayaniya ta riga ta kashe wa ciniki. Akwai kuma waɗanda nasu dillalin ya cika rufe ƙofa: yaro ya taka garwashi ko ya fashe goshi bai yi kuka ba, gida a yi ta yaba jarumtarsa, alhali ƙarin sa ido yake buƙata.

Sai batun ciniki. Wa ya taɓa zaunar da kai ya koya maka cewa idan mai kaya ya ce "albarka" yana nufin ka ƙara? Ko cewa idan ka juya kamar za ka tafi, jira kake a kira ka? Babu. Tsinta ka yi, daga ido, da murya, da ɗage gira. Zaman mutane kaf ciniki ne irin wannan, rabinsa ba da baki ake yinsa ba. Mai galahanga kuwa ɗan shagon farashi ɗaya ne, abin da aka rubuta shi ne. Ka ce masa "zo mu ci" don al'ada, zai wanke hannu ya zauna. Baƙuwa ta tambaye shi ko atamfarta ta yi kyau, zai gaya mata gaskiya tsirara. Ni kam ban ga laifinsa ba a nan, sai dai duniya ba ta cika yafe wa irin wannan ɗan kasuwa ba.

A ƙasar Hausa akwai abin da ke ɓoye larurar. Littattafan likitoci na lissafa rashin haɗa ido cikin manyan alamu, mu kuwa yaron da ba ya kallon babba tsakar ido yabonsa muke yi, mai kunya ne. Wanda ya ware gefe yana wasa shi kaɗai, miskili ne, ya ɗauko kakansa. Wanda ya shekara uku ba magana, "ai babansa ma sai da ya yi huɗu." Haka ake ta ba wa abu suna mai daɗi har lokacin da taimako ya fi tasiri ya wuce. Abin lura ya fi haɗa ido yawa. Ya shekara ɗaya, in an kira sunansa yana waiwayowa? In ya ga jirgin sama yana nuna shi da yatsa, ya juyo ya ga ko ke ma kin gani? Ya fara "mama" da "ruwa" sannan kalmomin suka ɓace? Wannan ba na jira ba ne. A fara da gwajin ji, don a tabbatar ba kurumta ba ce, sannan a nemi likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware kusa da Sakkwato.

Kuma kada a ɗauka duk kala ɗaya ne. Mai tallan goro a faranti da mai sito goma a Kantin Kwari duk 'yan kasuwa ne. Akwai mai galahangar da har ya girma ba zai yi magana ba, sai an yi masa wanka an ba shi abinci, wani ma da farfaɗiya a kai. Akwai wanda zai yi digiri ya yi aure, sai dai a ce wane ba ya son hayaniya. Wata likita 'yar Ingila, Lorna Wing, ita ta fi kowa jan hankalin duniya ga wannan faɗi, bayan binciken da suka yi da Judith Gould a wata unguwa ta Landan a 1979. Ita Wing ɗin kanta uwar mai larurar ce, a gida ta fara karatun. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kiyasin kamar yaro 1 cikin 100. A Amurka an tashi daga 1 cikin 150 a shekarar 2000 zuwa 1 cikin 31 a rahoton 2025, maza sun ninka mata wajen sau uku. Kafin ka ce annoba ce, tuna cewa an sauya mudu: an faɗaɗa ma'aunin, masu awo kuma sun ƙaru. Inda babu mai awo, hatsin na nan a ƙasa, ba a dai ƙirga shi ba ne.

In ciniki ya ɓaci sai an nemi wanda za a ɗora wa asara, kuma a ko'ina uwa ce ke kusa. A Amurka an yi shekaru ana cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo larurar, har ana kiran iyayen da suna mai ciwo, wai uwa firiji. Wani marubuci, Bruno Bettelheim, ya yayata wannan ra'ayi a littafinsa na 1967, mata da yawa suka rayu da laifin da ba su aikata ba. Namu salon daban ne, amma wuƙar ɗaya ce: ta fita da ciki da tsakar rana, ta zubar da ruwan zafi ba bismillah, jinin gidansu ne, ko kishiya ce ta yi aiki. Binciken tagwaye, tun daga wanda aka yi a Ingila a 1977, ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, kuma gado ta ɓangare biyu yake zuwa. Allurar rigakafi ma an ɗora mata. Wani likita, Andrew Wakefield, ya wallafa hakan a wata mujallar likitoci a 1998 bisa yara 12 kacal. A 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma ƙwace lasisinsa. A Denmak an bi yara sama da 650,000, ba a ga wata alaƙa ba. Mu da muka ga abin da ƙauracewa allurar shan inna ta jawo bayan 2003, bai kamata a sake sayar mana da wannan jabun ba.

Mai lasifika kuwa ba ya rasa abin sayarwa. Yau hayaƙi, gobe rubutu na dubu hamsin, jibi wani garin magani daga waje da aka gani a Facebook. Babu ƙwaya ko saiwar da ke cire galahanga. Akwai maganin farfaɗiya, akwai na rashin barci, waɗannan likita zai bayar. Addu'a kuwa ba wanda ya isa ya hana uwa yi wa ɗanta. Amma turaren barkono a ɗaki rufe, da ɗaure ƙafa a turke, da kai yaro gidan mari, zalunci ne ko da wane suna aka kira shi.

Abin da ke aiki ba shi da ƙyalli, kuma yawancinsa a tsakar gida yake. Dubi ɗan koli: allura a nan, zare a can, madubi a sama, ko a duhu ya miƙa hannu zai ɗauko. Ka hargitsa masa tebur ka ga tashin hankali. Haka yaron nan yake da tsarin yininsa. Kofinsa shuɗi ne, hanyar makaranta ta bayan masallaci ce, wanka kafin koko. Tsarin nan shi ne abu ɗaya da ba ya yi masa ihu. Idan za a sauya, a gaya masa tun da wuri, da gajeruwar magana ko da hoto. Ga yadda wata uwa za ta yi: ya ja hannunta zuwa randa, ta san ruwa yake so, amma ba ta yi saurin ba shi ba. Ta durƙusa daidai tsayinsa, ta riƙe moɗa kusa da fuskarta, ta ce "ruwa", ta yi shiru tana ƙirga biyar a zuci. Ya yi wani ɗan sauti, ko ya taɓa moɗar, nan take ta ba shi tana murna. An yi ciniki ke nan, an taya an sallama. Sau ashirin a yini, wata da watanni. Irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke koya wa iyaye a shirinta na horar da masu reno, don ta san ƙwararrun koyar da magana ba su isa ko'ina ba.

Sai dai mutum ɗaya ba ya tsare rumfa dare da rana. Gidanmu na gandu, mai kaka da baffa da inna, dukiya ce da Bature zai yi sha'awa, in dai an daina tsegumi an karɓi aiki. Kaka ta riƙe shi awa biyu uwar ta runtsa. Uban ya tafi da shi gona ko shago maimakon ya fake da nema. A kuma tausaya wa yayarsa mace, wadda sau da yawa ita ake cire wa karatu a mayar da ita 'yar reno. A Habasha wata uwa, Zemi Yenus, da makarantu suka yi ta korar ɗanta, ta buɗe tata cibiyar a Adis Ababa a 2002. Ƙungiyar masu larurar mafi girma a Birtaniya ma iyaye ne suka kafa ta a 1962, da suka gaji da jiran hukuma.

Leƙa kara kuma ka ga wani abu. Temple Grandin, Ba'amurkiya mai galahanga da aka haifa a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, uwarta ta ƙi yarda a kulle ta a gidan marasa lafiya. Da ta girma sai ta riƙa shiga lungun da ake kora shanu tana duba abin da ke sa su turjewa. Makiyaya na ganin taurin kai, ita tana ganin inuwa a ƙasa, da sarƙa mai lilo, da rigar da wani ya rataye a shinge. Rashin dillalin nan da ya wahalar da ita shi ya nuna mata abin da idon kowa ke tsallakewa. Ta zama farfesa a Kolorado, kuma kaso mai yawa na shanun Amurka ta hanyoyin da ta zana suke bi. Ba kowane yaro ne zai zama ita ba, kuma wanda bai zama ba bai ci bashin kowa ba.

Yaron farko cikin 11 masu wannan larura da likita Leo Kanner ya bayyana a 1943 sunansa Donald Triplett, daga wani ƙaramin gari, Forest, a jihar Misisipi. An kai shi gidan ajiye yara yana ƙarami, bayan shekara guda iyayensa suka kasa jurewa suka ɗauko abinsu. Daga baya ya zauna shekara huɗu wurin wani manomi da matarsa. Suka ga ba ya gajiya da ƙirga layukan masara, sai suka ba shi garma suka ce ya ƙirga yana huɗa. Suka ga yana son awo, suka sa shi haƙa rijiya yana kawo rahoton zurfinta. Ya yi digiri a Faransanci, ya koyi tuƙi, ya zaga ƙasashe shi kaɗai, ya yi aiki shekaru da dama a bankin da dangin uwarsa ke da hannu a ciki. Gidansu masu hali ne, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma ya sauƙaƙa abubuwa. Amma kuɗi ba su sayi abin da 'yan jarida biyu suka tarar ba lokacin da suka je garin neman labarinsa: mutanen gari suka ja musu kunne cewa in rubutunsu ya cutar da Don, sun san inda za su same su. Ya rasu a garin nasa a 2023, yana da shekara 89.