Sher Shah da 'yan Burma na kwarin Kaladan

A daren 19 ga Janairun 1945, sojojin Japan suka auka wa wani ɗan rukunin sojan Indiya a Kyeyebyin, cikin kwarin Kaladan na ƙasar Burma. Mai riƙe da gefen hagu shi ne Sher Shah, ɗan shekara 27 daga ƙauyen Chakrala a Punjab, wanda yanzu ya faɗa cikin Pakistan. Da ya ga an fi su yawa, sai ya ja ciki shi kaɗai cikin duhu, ya kutsa tsakiyar abokan gaba ya buɗe musu wuta gab da gab. Sau biyu yana tarwatsa su haka. Garin dawowa aka ragargaza masa ƙafa, ya ce wa 'yan'uwansa ɗan rauni ne kawai. Hari na uku na zuwa ya sake jan jiki gaba, nan harsashi ya same shi a ka. Da gari ya waye an ƙirga gawar Japanawa 23 a gaban wurin da ya tsare. Birtaniya ta ba shi Victoria Cross, lambarta mafi girma ta jarumta, bayan ya kwanta dama.

Wannan kwari namu ne mu ma. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ce ta sha wuyarsa tun 1944, cikinta akwai samarin Arewacin Najeriya da aka ɗiba ta hannun sarakuna, har da na Lardin Sakkwato, inda Gusau da Tsafe da Bungudu suke. Dajin ba ya ratsuwa da mota. A ka suke ɗaukar harsasai da kayan yaƙi, abinci kuwa jirgin sama ke jeho musu. A watan da Sher Shah ya rasu suka kai garin Myohaung tare da Runduna ta 82.

Ko ɗaya cikinsu bai sami irin lambarsa ba, kuma wannan yana min ciwo. Ba wai bai cancanta ba. Ya cancanta ƙwarai. Amma mu abin da ya rage mana sunayen bariki ne, Myohaung da Arakan a Legas, Kalapanzin a Kaduna, sunayen wurare ba na mutane ba.

A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Sher Shah yana ciki, 'yan Najeriya ma suna ciki. Kafin 15 ga Janairu mai zuwa, ranar tunawa da mazan jiya, ya kamata masarautun Zamfara su bi gida-gida, daga Furfuri zuwa Tsafe, su tambayi dattawa wa ya tafi Burma, wa ya dawo, su rubuta.