Katin Sauti a Matsayin Modem: Yadda Kwamfuta Ke Magana da Amo

Ba a shimfiɗa wayar tarho domin na'urori ba, domin muryar ɗan Adam aka shimfiɗa ta. Saboda haka ba ta ɗaukar kowane irin sauti, sai wanda kaɗawarsa ta kama daga misalin 300 zuwa 3,400 a cikin sakan guda. Ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai alamu biyu, watau sifiri da ɗaya. To, na'urar da ke mai da waɗannan alamu su zama amo a wannan gefe, ta kuma mai da amon ya koma alamu a wancan gefe, ita ake kira modem. Ga Bahaushe abin ba baƙo ba ne, gama mai kalangu ma da hawa da saukar amo yake isar da magana.

Kamfanin tarho na Amurka, AT&T, ya fito da modem mai suna Bell 103 a 1962. Wanda ya buga waya yana aika ɗaya da amo mai kaɗawa 1,270, sifiri kuwa da mai 1,070. Wanda ya amsa yana amfani da 2,225 da 2,025. Da yake kowa da nasa amon, su biyun suna iya magana lokaci guda ba tare da sun shiga cikin juna ba. Alama 300 ke wucewa a sakan, kuma tun da yake kowane harafi yakan ci alama goma, harafi talatin ke nan. Mai saurin karatu yana iya bin rubutun da ido yayin da yake fitowa.

A wancan zamani kamfanin ya hana kowa jona na'urar da ba tasa ba a jikin layinsa. Sai masu dabara suka kewaye dokar: suka ƙera akwati mai ƙoƙunan roba biyu, a kifa kan tarho a bisansu, ɗaya yana busa amo a bakin tarhon, ɗayan yana saurare. Ba waya ta taɓa waya, iska ce kurum a tsakani. Robert Weitbrecht, wani masanin kimiyya kurma, ya yi irin wannan a 1964 domin kurame su riƙa buga wa juna saƙo ta tarho. Hukumar sadarwa ta Amurka ta rushe hanin a 1968, a shari'ar Carterfone, amma an ci gaba da amfani da akwatin har cikin shekarun 1980 da bayansu.

Katin sauti, irin Sound Blaster da ya fito a 1989, an yi shi ne domin kiɗa da wasanni. Sai dai in an duba, aikinsa biyu ne: mai da lambobi sauti, da mai da sauti lambobi. Ashe gaɓoɓin modem duka suna nan, hankali ne kaɗai ya rage, shi kuwa manhaja ke ba da shi.

Aikawa ba ta da wuya. Katin da ke fitar da awo 48,000 a sakan yana da awo 160 ga kowace alama ta Bell 103. Manhaja sai ta lissafa siffar amon da ake so, ta cika gurbin, ta wuce ga alama ta gaba. Sharaɗi guda ne: in za a sauya amo, kada igiyar ta tsinke, dole sabon ya ɗora daga inda tsohon ya tsaya, in ba haka ba sai a ji ƙas, wadda ke rikita mai karɓa.

Karɓa ita ce inda gizo ke saƙa. Abin da ke shigowa ta makirfo gauraye yake da shuuu na layi, da amsa-kuwwa, da tarin wanda ke zaune kusa. Manhaja takan yanki ɗan guntun sauti ta auna ƙarfin amo biyun da take jira, wanda ya rinjaya shi ne alamar. Lissafin da Gerald Goertzel ya bayyana a 1958 yana cikin waɗanda ake amfani da su. Bayan wannan sai ta gano inda alama ta fara da inda ta ƙare, alhali agogon mai aikawa da na mai karɓa ba su taɓa zama daidai. Shi ya sa ake sa alamar farawa a gaban kowane harafi, a sake saita awo a kanta. A tsarin Bell 202, mai alama 1,200 a sakan, amon da ke nufin ɗaya kaɗawarsa 1,200 ce, watau kaɗawa guda tak manhaja za ta gani ta yanke hukunci.

Manhajar minimodem, wadda Kamal Mostafa ya rubuta, tana yin duk wannan, har kwamfuta biyu su yi musayar rubutu da lasifika da makirfo kawai. Masu sha'awar rediyo kuwa suna amfani da Dire Wolf su aika saƙo da amon Bell 202 ta iska, abin da ke da rana sa'ad da ambaliya ko guguwa ta katse intanet. Da irin wannan dabara kuma ake ceto bayanan da aka adana a kaset a shekarun 1970 da 1980 kafin kaset ɗin su lalace.

Amma akwai iyaka. Layin tarho na gida yana ɗauke da lantarki kimanin bolt 48, ya ma fi haka nesa in ana kira, don haka wanda ya jona shi kai tsaye da katin sauti ba tare da taransifoma a tsakani ba yana iya ƙona katin. Wayar salula kuma tana matse sauti bisa zaton murya ce, sai ta murɗe amon har a kasa gane shi. Modem masu sauri, tun daga V.32 na 1984, suna aikawa da karɓa a cikin zangon sauti ɗaya, tilas su share amsa-kuwwar kansu nan take. Jinkirin da ke tsakanin katin sauti da manhaja yana sa kwaikwayonsu ya yi wuya ƙwarai.