Ma'anar "Kayan Lambu" a Sha'anin Ciyar da Yara a Unguwar Ɗorayi

Idan ma'aikaciyar asibiti ta ce wa uwa ta riƙa bai wa ɗanta kayan lambu, abin da kan faɗo wa uwar a rai shi ne karas da kabeji da latas da kokwamba. A unguwa irin Ɗorayi, inda magidanta da dama ke cin abinci daga albashin masana'antun Sharaɗa da Calawa da Bompai, shawarar kan zama tamkar an ce a yi abin da aljihu ba zai ɗauka ba. Alhali kuwa matsalar ta fassara ce tun kafin ta zama ta kuɗi.

Bahaushe bai tara waɗannan tsirrai a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Yana da kayan lambu, watau abin da aka noma da ban ruwa. Yana da kayan miya, irin su tumatir da tattasai da albasa. Sannan yana da ganye. Rabon farko ya dubi wurin shuka ne, na biyu kuma ya dubi tukunya. Shi kuwa masanin abinci amfanin jiki yake dubawa. Saboda haka zogale da rama da yakuwa da tafasa da lalo da alayyafo, da kuma kuɓewa da kabewa, duk suna cikin abin da likita yake nufi, ko da yake ba kowace uwa ce za ta kira su kayan lambu ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ake tallarsa a ƙofar gida bai gaza haɗin latas na otal ba, sai dai ma ya fi shi. Ganyaye masu duhun kore da kabewa suna samar wa jiki bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi. Miyar kuka ma ganye ce, illa dai ɗan garin da ake kaɗawa a tukunya bai taka kara ya karya ba. Haka nan yawan kanwa da doguwar dahuwa suna rage amfanin ganyen.

Dankali da rogo da doya kuwa ba sa shiga lissafi, domin dangin tuwo ne. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade aƙalla giram 250 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kullum ga yaro mai shekara 2 zuwa 5, giram 350 ga mai 6 zuwa 9, da giram 400 daga shekara 10. Ruɗanin ba na Hausawa kaɗai ba ne: a 1981 gwamnatin Amurka ta kawo tsarin da zai ba da damar lissafa miyar tumatir ta kwalba a matsayin kayan lambu a abincin 'yan makaranta, sai da jama'a suka yi ca sannan aka janye.

Akwai kuma batun ruwa. Dattin masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, na majemun Sharaɗa da Calawa kuma ya gangara Kogin Calawa, a gefen waɗannan ruwaye kuwa ana noman rani. Wanki da dahuwa suna maganin ƙwayoyin cuta, amma ba sa fitar da gubar ƙarfe da tsiro ya riga ya zuƙa. Don haka zogalen da aka dasa a tsakar gida ake ba shi ruwan rijiya ya fi kwantar da hankali a kan latas ɗin da ba a san lambun da ya fito ba.