Da tsohuwar zuma ake magani: Labarin tauraron UARS da rumbun bayanansa

A ranar Asabar, 24 ga watan Satumba na shekarar 2011, wani tsohon tauraron ɗan'adam na ƙasar Amurka mai suna UARS ya rikito daga sararin samaniya, ya kama da wuta a kan hanya, sauran ɓaraguzansa suka zube a tekun Fasifik, nesa da kowane gari. Kafin faɗowar tasa, kafofin watsa labarai sun yi kwanaki suna yayata zancen inda zai sauka, domin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta yi hasashen cewa guntaye 26 za su iso ƙasa ba su ƙone ba. Da ya faɗa ruwa bai taɓa kowa ba, sai aka shafa fatiha, aka koma wasu labaran.

Haka al'adar jama'a take game da irin waɗannan taurari. Rana biyu ake tunawa da su: ranar da aka harba su, da ranar da suka lalace ko suka faɗo. To amma a tsakanin ranakun nan biyu ne ake yin aikin da ya sa aka kashe kuɗin, wato aikin kula da tauraron dare da rana, da tattara abin da na'urorinsa suka auna, da adana shi ta yadda wanda ba a haifa ba tukuna zai iya buɗewa ya karanta. Ra'ayina shi ne wannan aiki na bayan fage shi ne ainihin dukiyar, kuma duk ƙasar da ta iya bikin harba tauraro amma ba ta iya ajiyar bayanansa ba, ta yi bikin suna ne ta bar yaron ba reno.

Bari mu fara da dalilin harba UARS. A can sama, tsakanin kimanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, akwai wata shimfiɗa ta iskar ozon wadda ke tare mafi yawan wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani, mai haddasa ciwon dajin fata da yanar ido, mai kuma cutar da tsirrai. A shekarar 1974, masana biyu, Sherwood Rowland da Mario Molina, suka yi gargaɗin cewa sinadaran CFC da ake amfani da su a firij da na'urorin sanyaya ɗaki da gwangwanayen feshi suna tashi sama su tarwatse, su saki sinadarin kulorin, shi kuma ya riƙa cin ozon. A 1985 masana daga Birtaniya da ke awo a tashar Halley ta yankin Antatika suka bayyana cewa ozon ɗin wurin yana raguwa ƙwarai a kowane watan Oktoba. Shekara biyu bayan haka, a 1987, ƙasashe suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar Montreal ta rage waɗannan sinadarai. Sai dai masu musu ba su yi shiru ba, wasunsu na cewa ai kulorin ɗin daga duwatsu masu aman wuta da gishirin teku yake fitowa, babu hannun ɗan'adam a ciki.

Cikin wannan yanayi ne kumbon Discovery ya tashi a ranar 12 ga Satumba, 1991, ɗauke da UARS, aka sake shi bayan kwana uku a nisan kusan kilomita 600 daga ƙasa. Girmansa ya kai na babbar motar safa, nauyinsa kimanin tan 6, kuma an kashe wajen dala miliyan 750 a kansa. Yana ɗauke da na'urorin awo guda 10, wasu na auna sinadaran da ke cikin iska, wasu na auna gudun iskar da zafinta, wasu kuma na auna ƙarfin hasken da ke zuwa daga rana. Yana kewaya duniya kusan sau 15 a kowace rana. An tsara zai yi aikin shekara uku, amma sai da ya yi 14.

Mai karatu zai iya zaton da an saki tauraro shi ke nan, zai yi ta yawo yana aiko da labari. Ba haka abin yake ba. A cibiyar Goddard da ke jihar Maryland akwai ma'aikatan da ke karɓar juna a bakin aiki, suna duba zafin jikinsa da ƙarfin baturansa da inda ya fuskanta, suna shirya masa umarnin abin da zai yi. Alal misali, wasu na'urorin ba sa son rana ta haske su kai-tsaye, alhali hanyar da tauraron ke bi tana karkata a hankali dangane da inda rana take. Saboda haka a kusan kowane kwana 36 sai an juya shi gaba ya koma baya, domin ɓangaren da ke buƙatar inuwa ya ci gaba da zama a inuwa. Sakaci a irin wannan juyi na iya lalata na'urar da aka yi shekaru ana ƙerawa, kuma babu bakaniken da za a tura.

Na'urorin ma kowace da nata ajalin. Wadda jami'ar Oxford ta ƙera, mai suna ISAMS, ta tsaya a watan Yulin 1992, ba ta cika shekara ba. Wata mai suna CLAES da daskararren sinadarin sanyi take aiki, da ya ƙare a watan Mayun 1993 sai ta yi shiru, kamar yadda aka sani tun farko. Daga baya injin da ke juya farantin tara hasken rana ya riƙa ba da matsala, batura suka yi rauni, har ta kai ana yi wa na'urorin rabon wuta, a kunna wannan a kashe waccan, abin da mu a nan ba baƙo ba ne a wurinmu. A 2001 NASA ta bayyana niyyar rufe aikin don rage kashe kuɗi, masana suka yi ca, suna cewa idan aka kashe shi kafin magajinsa ya hau, za a sami giɓi a jerin awon, kuma ba za a iya gwada sabon ma'auni da tsohon ba. Aka bar shi yana aiki da ƙaramin kasafi har aka harba tauraron Aura a watan Yulin 2004, suka yi fiye da shekara guda suna awo tare. A watan Disambar 2005 aka ƙone sauran mansa don a sassauto da shi ƙasa, aka kashe shi.

Me aka samu? Na'urar MLS ta zana taswirar nau'in kulorin da ke cin ozon, aka gan shi jibge daidai wuraren da ozon ke ɓacewa. Na'urar HALOE kuwa, wadda ke leƙen rana ta cikin iska a duk fitowarta da faɗuwarta, ta auna sinadarin fuluorin a can sama, wanda kusan ba shi da wata hanyar kai wa wurin sai ta CFC. Sakamakon da aka wallafa a 1996 ya nuna yawan kulorin da fuluorin ya yi daidai da abin da masana'antu suka saki, hujjar masu ɗora laifi a kan duwatsu da teku ta rushe. Bugu da ƙari, tauraron ya hau ne wata uku bayan dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a watan Yunin 1991, don haka ya bi sawun hayaƙin yana yaɗuwa yana kuma washewa. Da yake HALOE ta daɗe tana aiki, ita ce kuma ta nuna cewa zuwa ƙarshen shekarun 1990 kulorin ya daina ƙaruwa a saman shimfiɗar, alamar yarjejeniyar Montreal ta fara aiki. Da a shekara uku aka tsaya, da ba a ga wannan ba.

Yanzu sai batun ajiya, wanda shi ne gundarin maganar. Abin da tauraro ke aikowa ba hoto ba ne da za a rataye a bango, tarin lambobi ne zalla. UARS yakan naɗe su a rikodarsa, ya miƙa wa wasu taurarin sadarwa, su sauke a tashar White Sands da ke jihar New Mexico, daga nan a tura Goddard. A can ake sarrafa su mataki-mataki: ɗanyen bayani yadda ya iso, sannan wanda aka gyara bisa halin na'urar, sannan wanda aka mayar adadin ozon ko zafi a wuri kaza da tsawo kaza, sannan wanda aka jera a kan taswira. Ƙa'idar ita ce ba a zubar da ɗanyen. Dalili kuwa na'ura tana tsufa, kamar mudun da ya sha bugu ya lotsa. Idan aka gano yadda ta karkace, sai a koma farko a sake lissafin gaba ɗaya. Bayanan HALOE da masana suka fi amfani da su ana kiran su bugu na 19, wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan bitar da aka sha. Haka nan dole a adana takardun da ke fayyace yadda aka ƙera na'urar, da ranakun da ta yi tangarɗa, da manhajar da ke karanta lambobin, a kuma riƙa kwashe su daga tsohon faifai zuwa sabo kafin na'urar karanta tsohon ta ɓace daga kasuwa. Bayanan UARS suna cikin rumbun Goddard, ana kuma bayar da su kyauta ga mai bukata.

Tarihi ya nuna amfanin wannan taka-tsantsan. Tun 1978 tauraron Nimbus-7 yake auna ozon da wata na'ura mai suna TOMS. An tsara kwamfutar da ke sarrafa bayanansa ta riƙa sa alamar tuhuma a kan duk awon da ya yi ƙasa fiye da kima, bisa zaton kuskure ne. Allah Ya sa alama aka sa, ba a goge ba. Da aka tabbatar awon gaskiya ne, sai taswirorin da aka fitar daga rumbun suka nuna wa duniya cewa abin da aka gani a Halley rami ne mai faɗin nahiya guda. Haka kuma, bayan shekaru fiye da 40, masana a wata cibiyar nazarin ƙanƙara da ke jihar Colorado suka zaƙulo naɗe-naɗen fim na taurarin Nimbus na farko, suka mayar da su cikin kwamfuta, har suka iya ƙiyasta faɗin ƙanƙarar tekun Antatika a 1964. A ɗaya gefen kuma, ita NASA ɗin ce ta amsa a 2009 cewa asalin faya-fayan da aka naɗi saukar ɗan'adam a kan wata a 1969, bisa dukkan alamu an goge su an sake naɗar wani abu a kai. Ke nan ko mai arziki yana iya yin asarar da ba ta da mayarwa idan ya raina ajiya.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kano ko Damagaram da ramin da ke Antatika? Amsar tana cikin hazon da ke lulluɓe mu duk hunturu. Na'urar TOMS don ozon aka ƙera ta, amma daga baya masana suka gano cewa za a iya tace bayananta a ga ƙurar da ke shawagi a sama. Da Joseph Prospero na jami'ar Miami da abokan aikinsa suka bi awon shekaru 13 da ke rumbun, sakamakon da suka fitar a 2002 ya nuna babu wurin da ya kai kwarin Bodele na arewacin Chadi tayar da ƙura a duniya. Wurin busasshen gindin tsohon tafkin Chadi ne, iska na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi garin ƙasarsa. Wani babban kaso na ƙurar da ke hana jirage sauka a filayenmu, ta kuma zo daidai da lokacin sanƙarau da ciwon ƙirji, daga can take tasowa. Waɗanda suka ƙera na'urar ba su yi ta domin mu ba, ajiyar ce ta sa muka amfana.

A nan darasin ya zo gida. Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumbar 2003, ya yi aiki har 2012, aka kuma harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Waɗannan na ɗaukar hoton doron ƙasa ne, ba na binciken iska ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ma'aunin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa amfani da shi shi ne: shin ɗalibin da ke digiri na biyu a Zariya ko Maiduguri zai iya zama ya nemo hoton yankinsa na 2004, da cikakken bayanin yadda aka ɗauke shi, ba tare da ya san wani ba? Nawa aka ware wa rumbu da ma'aikatansa a kasafin kowace shekara? Kwafi nawa ake da shi, kuma a garuruwa nawa? Tambayar ta shafi har littattafan awon ruwan sama da zafi na tsofaffin tashoshinmu, waɗanda wasunsu sun faro tun farkon ƙarni na 20. Da irinsu ne aka iya gwada farin shekarun 1970 da 1980 da shekarun da suka gabata, da su ne kuma ake tantance gaskiyar abin da tauraro ya hango daga sama. Takarda kuwa gara da ruwa da gobara ba sa jiran a gama taro a kanta.

Ba lallai ne sai mun mallaki tauraro irin UARS ba kafin mu shiga wannan fage. Rumbunan suna buɗe, abin da ake bukata shi ne jami'o'inmu su horar da matasan da za su iya karanta su, su samu wuta da intanet masu ɗorewa, mu kuma mu tsare namu awon na ƙasa, mu mayar da shi cikin kwamfuta, mu buɗe shi ga masu bincike. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya yi hasashen ozon zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2040 a yawancin duniya, a Antatika kuwa sai wajen 2066. Waɗanda za su tabbatar da haka yawancinsu yara ne a yau, kuma da lambobin da wasu suka yi haƙurin adanawa tun 1978 da 1991 za su yi gwajin. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Allah Ya ba shugabanninmu da masananmu ikon gane haka tun da sauran lokaci.